Canjin kuloci: ka sauke giyabos da kanka a gida ko ka miƙa wa bakanike?

Duk wanda ya saba canza wa motarsa mai da filta, ya taɓa canza birki, watakila har ya taɓa cire kik ya mayar, akwai ranar da zuciyarsa za ta raya masa cewa ai kuloci ma zai iya. Kuma zai iya ɗin, matsalar dai mutane suna auna aikin ne ta inda ba nan nauyinsa yake ba. Shi kulocin kansa ba wani abu ba ne, galibi noti shida ne ke riƙe da firesha filet, wato murfin ƙarfen da ke matse filet ɗin kuloci, a jikin fulawil, babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa, ka kwance su ka zare tsohon filet ka sa sabo ka ɗaure, da ƙyar ka yi minti 30. Abin da zai cinye maka kwana biyu shi ne kafin ka ga fuskar notin nan shida sai ka raba giyabos da inji, ka sauko da shi ƙasa, sannan ka sake ɗaga shi ka mayar daidai inda yake ba tare da ya faɗo maka a ƙirji ba. To ni a nan nake ganin zaɓin yake, tambayar ba wai ka iya riƙe sifana ba ce, tambayar ita ce wace irin mota ce da kai, a ina za ka yi aikin, kuma za ka iya haƙura motar ta kwana a ɗage in abu ya cije.

Kafin ma a zo nan, ka tabbatar kulocin ne ya mutu. Na san wanda ya sha wahala ya sauke giya ya tarar da filet ɗinsa garau, ashe silindar man kuloci ta ƙasa da ke jikin giya ce take yoyo, abin da zai gyara cikin awa ɗaya yana tsugune. Gwajin zamewa ba shi da wuya, ka hau titi mai sarari ka sa giya ta 4 ko ta 5 kana tafiya a hankali, sai ka taka totur har ƙasa, in ka ga allurar juyin inji ta tashi sama amma motar ba ta ƙara gudu daidai da hakan ba, to filet ya cinye ko kuma mai ya jiƙa shi, wannan kam dole sai an sauke. Amma in giya ce take ƙin shiga, musamman ribas tana yin garrr, kulocin ne ba ya saki gaba ɗaya, kuma sau da yawa laifin daga waje yake, iska ta shiga layin mai, ko masta silinda, wadda fedar kuloci ke turawa, ta gaji, ko kebul ya miƙe in motar mai kebul ce. Duk waɗannan ana gyara su giyabos yana zaune inda yake. Ƙara ma tana magana, in ka taka kuloci ka ji ƙugi, ka ɗaga ƙafa ya ɗauke, yawanci rilis biyarin ne, wato biyarin ɗin da ke danna firesha filet in ka taka feda. In kuma motar tana firi ka ji ƙarar, ka taka kuloci ta ɗauke, mai yiwuwa biyarin ɗin cikin giyabos ne, kuma wannan ko ka sa sabon kuloci goma ƙarar tana nan.

To mu ɗauka kulocin ne da gaske. Abu na farko da zan tambaye ka, motar da tayoyin baya take ja ko da na gaba?

Mai jan baya, irin Hilux wadda ba fowil ba, ko tsofaffin Mercedes da BMW, ita ce wadda zan ce wa mai ƙwazo bismillah. Injin yana kwance a tsaye ne daga gaba zuwa baya, giyabos yana bayansa a ƙarƙashin sandar giya, don haka hanyar fita a miƙe take. Ka cire kan batir, ka kwance sandar giya ta cikin mota, ka shiga ƙasa ka yi wa furofela alama da fenti ko alli inda ta haɗu da difiransha kafin ka kwance ta saboda in ka mayar da ita a wani saitin daban tana iya kawo maka girgiza, wani lokacin salansa tana tare hanya sai ka sauke wani sashe nata, ka cire kik da silindar kuloci da wayoyin da ke jikin giya irin na fitilar ribas, ka tokare giyabos da jak ka kwance ƙarfen da ke riƙe da shi ta baya, sai ka ɗan sassauta jak ɗin bayansa ya sunkuyo. Wahalar tana notin sama na ƙoƙon giya, wato bakin giyabos da ke haɗe da inji ya rufe kuloci, waɗanda suka maƙale tsakanin inji da jikin mota, ba ka ganinsu sai dai ka lalube su, akan haɗa dogayen sandunan soket biyu ko uku a zura daga can baya. In suka fita, ja baya kawai za ka yi ya zame. Ba ka taɓa taya ba, ba ka taɓa ƙafar mota ba, ba ka buƙatar zuwa saitin taya bayan an gama.

Mai jan gaba kuwa, irin Corolla, Civic, Golf da mafi yawan ƙananan motocin da ke kan titi yau, labarin daban ne. Injin yana kwance a gicciye, giyabos yana manne a gefensa, kuma difiransha a cikin giyabos ɗin take, shaf guda biyu suna fita daga jikinsa zuwa tayoyin gaba. Kenan kafin giyabos ya motsa sai ka zubar da man giya, ka cire tayoyi, ka kwance babban notin shaf da ke tsakiyar taya, kuma wannan notin ba wasa ba ne, a motoci da yawa ɗaurinsa wajen 200 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne) wasu ma sun wuce, gara ka sassauta shi tun motar tana ƙasa da doguwar sanda, in ka bari sai ka ɗaga ta za ka yi ta juyi da taya kana girgiza mota a kan jak. Sai ka raba boljoyin, ka zare shaf daga giya ba tare da ka yaga roba ko ka lalata sil ba. Ta sama kuma batir da mazauninsa da akwatin iska duk sai sun fita kafin ka ga kebul ɗin giya. Sannan babban abin da mutane ke mantawa, ɗaya daga cikin mawuntin ɗin da ke ɗauke da injin a jikin giyabos yake, da zarar ka kwance shi injin ba shi da abin da zai riƙe shi ta wannan gefen, dole ka rataye shi ta sama da ƙarfen da ake gicciyawa a kan mota, ko ka tokare shi ta ƙasa da jak da katako mai faɗi, kuma in ka tokari tankin man inji da jak tsirara za ka lotsa shi. A wasu motocin giyabos ba zai samu hanyar fita ba sai an sauke firam ɗin ƙasa, wanda wani lokacin sitiyari rak a jikinsa yake, to in aka kai nan aikin ya tashi daga canjin kuloci ya koma wargaza gaban mota, kuma bayan an gama sai an je an yi saitin taya. Wannan tambaya guda ɗaya, shin sai an sauke firam ko a'a, ka nemi amsarta a littafin gyaran motarka tun kafin ka sayi ko noti ɗaya, don ni a wurina ita ce take raba aikin gida da aikin gareji.

Fowil kuma ƙarin nauyi ne, akwai akwatin raba ƙarfi manne a bayan giya ga furofela biyu, nauyin zai iya ninka na ƙaramar mota kuma ba ya zama daidai a kan jak, kullum yana neman kifewa gefe guda. Akwai motocin da masu su suka fi son su ciro injin maimakon giya, tsohuwar Beetle haka ake mata, masu Subaru da yawa ma haka suke yi. Akwai kuma 'yan gata, tsohuwar Saab 900 da tsofaffin Opel Kadett ana canza musu kuloci giyabos yana zaune, sai dai yanzu an daina irin wannan ƙirar. Masu Golf 2 kuma ku sani a yawancinsu kulocin a juye yake, firesha filet ne ke ɗaure a jikin kuranshaf fulawil yana rufe shi ta waje, rilis biyarin ɗin yana can ƙarshen giyabos ta waje, shi biyarin ana canza shi ba sai an sauke komai ba.

Yanzu maganar kayan aiki da wuri, inda bakanike ya fi ka nesa ba kusa ba. Shi yana da lif ko rami, yana tsaye yake aiki, giyabos yana sauka a kan jak ɗin da aka yi domin sa mai faifai da sarƙa. Kai kuma a kwance kake a bayanka, hancinka kusa da ƙarfe, giyabos na ƙaramar mota kilo 35 zuwa 50 ne, a tsaye ba wani nauyi ba ne amma a kwance hannuwanka a miƙe ga shi yana santsi da mai, wallahi sai ka ji kamar ya ninka. Kuma dole motar ta ɗagu sosai yadda giyabos zai fito ta ƙarƙashi, ba ɗagin canza taya ba. Nan ba na sassautawa, in ba ka da ƙafafun ƙarfe na tokare mota masu ƙarfi da daɓen siminti mai lafiya, to maganar ta ƙare, kai ta gareji. Jak ɗin da ke cikin but na canza taya ne kawai, jak mai aiki da mai kuma sil ɗinsa yana iya saki ba sallama, bulo yana farfashewa lokaci guda, ƙasa mai laushi tana nutsewa. Ka tuna wannan aikin jijjiga ne, za ka yi ta girgiza giyabos da ƙarfi kana ƙarƙashi, duk abin da ke riƙe da motar sai ya jure wannan. Ka tokare tayoyin da ke ƙasa, ka tura tayoyin da ka cire ƙarƙashin mota su zama kariya ta biyu. Sannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, lokacin saukewa da lokacin mayarwa ka samu mutum na biyu, ko ba ya taɓa komai ya kasance yana nan.

Bayan wannan akwai sifanar auna ɗauri, wadda mutane ke rainawa. Notin firesha filet ƙanana ne, ɗaurinsu yawanci 20 zuwa 30 Nm ne kacal, da hannu kaɗan za ka wuce ka tsinke ɗaya a cikin fulawil. Na fulawil kuma a motoci da yawa ana ɗaure su ne zuwa wani ma'auni sannan a ƙara musu kwana, irin waɗannan suna miƙewa, ba a sake amfani da su. Akwai sandar saiti ta roba, wadda ke zaunar da filet a tsakiya, da ke zuwa a cikin kit ɗin kuloci da yawa, akwai soket masu baki na musamman da motocin Jamus ke so. In duk waɗannan sai ka saya kuma mota ɗaya za ka yi wa aikin sau ɗaya, ka zauna ka yi lissafi da kyau, abin da kake ganin ka tsira da shi na kuɗin aiki yana iya tafiya a kayan aiki. In kuwa dama kana da su, ko kai mai son ci gaba da taɓa motarka ne, lissafin ya juya, domin a canjin kuloci aikin hannun ne mai yawa.

To ina kai ka fi bakanike? A lokaci da kula. Shi yana da motoci a layi, kai motarka ɗaya ce. Kai ne za ka tsaya ka wanke cikin ƙoƙon giya tas, ka haska fitila bayan fulawil ka ga ko sil ɗin kuranshaf yana gumi, ka duba cokalin kuloci ko ya tsage ko mazauninsa ya cinye, ka goge fuskar fulawil da ta firesha filet da abin wanke birki saboda sabo yana zuwa da ɗan mai na hana tsatsa, ka ɗaure kowane noti da ma'auni. Bakanike nagari yana yin duk wannan, amma mai gaggawa ba ya yi, kuma in an rufe ba za ka taɓa gani ba sai bayan wata uku mota ta fara karkarwa wajen tashi. Shi kuma abin da ya fi ka da shi bayan kayan aiki shi ne ido da hannu, ya sauke irin wannan giyabos sau da yawa, ya san notin da ke ɓoye, ya san kwanar da ake karkata shi ya wuce firam, ya san abin yi in noti ya tsinke ko ya ci baki. Kai in noti mai tsatsa ya tsinke maka da yamma, shi kenan motar ta kwana a ɗage, kuma motar da aka sauke wa giya ba ta zuwa gareji da ƙafarta sai an ɗauko ta, ga bakanike da yawa ba sa son karɓar aikin da wani ya wargaza ya kawo notina a leda. Sannan in shi ya yi aikin ya samu matsala kana da inda za ka koma, in kai ka yi, kai da kanka za ka sake saukewa. Aikin da gwani ke gamawa cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka, mai yin farko a gida ya ware kwana biyu cur, kuma kar ya zama ranar da ke biye yana da tafiyar dole.

Duk wanda ka zaɓa, akwai zaɓi na biyu da ke jiranka, filet kaɗai za a canza ko duka kit. Nan ra'ayina ba ya rawa, duka. Filet, firesha filet da rilis biyarin tare suka yi aiki tare suka tsufa, sifirin ɗin firesha filet yana gajiya da zafi ko da ido bai nuna ba, 'yan yatsunsa suna cinyewa inda biyarin ke taɓa su, in ka sa sabon filet a ƙarƙashin gajiyayyen firesha filet zai dawo zamewa da wuri. Rilis biyarin kuma shi ne mafi araha a cikinsu amma in ya fara kuka aikin saukewa ɗaya ne da na kuloci gaba ɗaya. A motoci da yawa na yanzu an haɗe shi da silindar mai a cikin ƙoƙon giya, wato silindar da a da take waje kana canza ta cikin sauƙi yanzu tana ciki, in ta yi yoyo ta jiƙa sabon filet ɗinka sai an sake sauke giya, don haka wannan ko tana da kyau a ido canza ta, kuma kar ka matsa ta da hannu kafin a ɗaura, sil ɗinta yana iya lalacewa. Mai jan baya kuma kar ka manta ɗan ƙaramin biyarin da ke tsakiyar kuranshaf inda kan shaf ɗin giya ke zama, in ba ka da abin zaro shi, ka cusa giris a ramin ka buga sanda mai daidai da bakin, giris ɗin zai turo shi waje. Sunayen da kamfanonin mota da kansu suke sayen kuloci a wurinsu su ne LuK, Sachs, Valeo, Exedy da Aisin, in ka samu na gaskiya daga cikinsu ka huta. Araha ba ta ado, musamman ga abin da sai an sauke rabin mota kafin a kai gare shi.

Fulawil shi ne inda ake yawan gardama. In dunƙulallen ƙarfe ne guda ɗaya, ka dube shi, in fuskarsa sumul take ba tsagewa ba tabon zafi mai shuɗi-shuɗi, gogewa ta isa, in ya yi kwari ko tabo a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. Amma motoci da yawa, musamman masu dizal na zamani, suna zuwa da fulawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda aka fara sawa a motoci a tsakiyar shekarun 1980 domin ya shanye girgizar inji kafin ta kai ga giya. Wannan yana cinyewa kamar kuloci, alamarsa ƙwanƙwasa wajen tayar da mota ko kashe ta, da karkarwa a firi, in ka riƙe shi da hannu ka ga yana wasa da yawa ko giris yana fitowa ko ya yi shuɗi, ya gama. Yawanci ba a share masa fuska, canza shi ake yi, kuma yana da tsada. Shi ya sa wasu ke juyawa zuwa dunƙulalle, akwai kit da ake sayarwa domin haka. Ribar ita ce ba zai sake mutuwa ba, asarar kuma ƙarar giya a firi da girgiza a ƙaramin gudu, kuma girgizar da a da fulawil ke shanyewa yanzu giyabos ne zai sha. A motar aiki mai fetur zan iya yarda, a dizal mai ƙarfi ni dai zan mayar da irin wanda kamfani ya sa. Haka nan akwai firesha filet mai saita kansa yayin da filet ke cinyewa, irin wannan an fi so a ɗaura shi da abin matsewa na musamman, in aka ɗaure shi haka kawai saitin nasa yana iya zamewa, to in motarka irin wannan take ɗauka, wannan ma maki ɗaya ne a ɓangaren gareji.

Af, ƙurar da za ka tarar a cikin ƙoƙon giya kar ka hure ta da iska ko da baki, tsofaffin filet wasu suna da asbestos, jiƙa ta za ka yi ka goge.

Mayarwa ita ce jarrabawar gaskiya, kuma a nan masu yin farko suke yin ɓarnar da ta fi tsada. Filet yana da gaba da baya, galibi an rubuta a jikinsa gefen da ke kallon fulawil ko gefen da ke kallon giya, in ka juya shi kulocin ba zai saki ba kuma ba za ka sani ba sai ka gama haɗa komai. Kafin ka ɗaura, gwada shi a kan haƙoran shaf ɗin giya ka ga yana zamewa sumul, ka shafa giris ɗan kaɗan sosai a haƙoran ka goge rarar, in ya yi yawa juyi zai watsa shi kan filet. Ka sa sandar saiti filet ya zauna a tsakiya daidai, ka ɗaure notin firesha filet kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen har su zauna tare. Sai a ɗago giyabos. Dole kan shaf ya shiga tsakiyar filet haƙori ya faɗa cikin haƙori, kuma sau da yawa zai zo saura kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya cak, ka tura ka girgiza ya ƙi, hannu ya gaji, gari ya fara duhu. A daidai nan shaiɗan yake raɗa maka cewa ka zura noti ka jawo shi da sifana. Kar ka yi. Na taɓa yi a aikina na farko, na ji wani ƙas, na ce ai ya zauna ne, ashe tsakiyar filet na lanƙwasa, da na gama haɗawa giya ta ƙi shiga, washegari na sake sauke komai na sayi wani filet. Wasu ma ƙoƙon giyan suke fasawa, shi kuma alminiyam ne. Abin yi shi ne ka duba ratar da ke tsakanin inji da giya ta zama daidai sama da ƙasa da gefe, ka sa giya a ciki ka ɗan juya inda shaf ke fita ko ka juya kuranshaf kaɗan haƙoran su haɗu, in komai ya daidaita da kansa yake zamewa ya zauna da hannu. Dabarar da ta taimake ni daga baya ita ce samun dogayen noti biyu masu irin zaren na ƙoƙon giya, a yanke kawunansu a ɗaura a jikin inji, giyabos ya hau kansu ya zame kamar a kan layin dogo. Kuma ko da wasa kar ka bar nauyin giyabos ya rataya a kan shaf alhali ya shiga rabi. Ka duba 'yan ƙarafan saiti guda biyu da ke tsakanin inji da giya suna nan, wani lokacin ɗaya yana bin tsohon wuri ya faɗi, rashinsa yana sa giya ta zauna a karkace ta cinye sabon kuloci. Ka kuma tabbatar ba ka danne wata waya a tsakani ba, ka mayar da wayar as, wato wadda ke haɗa giya da jikin mota, a wasu motocin na'urar da ke karanta juyin kuranshaf a bakin ƙoƙon take, gara ka cire ta tun farko kar ta karye.

Man giya ma ka sa wanda littafi ya ce, giyabos da yawa GL-4 suke so, wasu man GL-5 ba sa shiri da zoben tagulla da ke cikin giya. Man kuloci kuma man birki ne, DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfin, sai an fitar da iska kafin feda ta dawo daidai.

Akwai hanya ta uku da na ga ta fi dacewa da mutane da yawa, ka sayi kayan da kanka ka tabbatar da ingancinsu, ka kai wa bakaniken da ka yarda da shi, ka ce in an sauke a kira ka ka ga fulawil da sil da idonka kafin a rufe, a kuma ba ka tsofaffin kayan. Sai dai ka sani wasu ba sa ɗaukar alhakin kayan da ba su suka kawo ba, ku yi wannan maganar tun farko. Ko kuma ka yi a gida amma ka gayyato wanda ya taɓa yi ya tsaya maka a awa biyun nan na saukewa da mayarwa, sauran kwance-kwancen ka yi abinka.

In ka ce in zaɓa maka, mai jan baya wadda ba fowil ba, ga daɓe mai kyau ga ƙafafun ƙarfe ga mataimaki ga wata hanyar zirga-zirga na kwana biyu, yi da kanka, za ka ji daɗinsa. Ƙaramar mai jan gaba da ba sai an sauke firam ba, za ka iya in ka taɓa cire shaf da boljoyin a baya, in ba ka taɓa ba kar kuloci ya zama makarantarka ta farko. Wadda sai an sauke firam, ko fowil, ko dizal mai fulawil ɓari biyu da firesha filet mai saita kansa, ko kuma motar da ita kaɗai gare ka kuma da ita kake neman abin kai, miƙa wa gareji ka tsaya a kan kayan da za a sa. Bayan an gama kuma, ko wa ya yi, kilomita 500 zuwa 800 na farko ka bi ta a hankali, ban da fizga ban da jan kaya mai nauyi, kuma ka sauke ƙafarka daga kan feda da zarar giya ta shiga.